Amsar Tana Cikin Takarda

"Wallahi Mushe, wannan Baturen ƙarya yake yi!"

Wasila ta buga takardar a kan tabarma har bik ɗin da take rubutu da shi ya yi tsalle ya faɗa bakin ƙofar zaure. Idanunta sun kaɗa sun yi ja.

Sauran ƴan matan suka juyo suna kallonta. Ramlatu kuwa ta ja mayafi ta rufe baki, wai ita mai ɓoye dariya.

Suma'ila ya ɗago kai a hankali. Shi ne malamin Ingilishi a kolej, shi ya sa suke ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, shi kuma yake tara su a zauren gidansu da ke Birni bayan la'asar.

"Wane Bature, Wasila?"

"Wanda ya rubuta wannan labarin! Wai manomi ba ya shuka sai ruwa ya jiƙa ƙasa sharaf. Mu a Gidimuni binne muke yi, mu sa iri tun ƙasa tana bushe, ya kwanta yana jiran ruwa. Na zaɓi gaskiya, kai kuma ka sa mini jan bik!"

"Sake karanta tambayar."

Ta ɗauko takardar da fushi, ta bi layin da yatsa. Muryarta ta ɗan sauka.

"Ta ce... bisa ga abin da marubucin ya faɗa..."

"To, marubucin ya taɓa zuwa Gidimuni?"

"Ina zai je!"

"Kin gani? Ba gonar babanki aka tambaye ki ba. Gaskiyarki tana nan, ba wanda ya ƙwace miki ita. Amma a ɗakin jarrabawa amsa tana cikin takarda, ba cikin kanki ba."

Ya faɗa yana murmushi, irin murmushin nan nasa da ke sa ta manta abin da ya ɓata mata rai. Ta sunkuyar da kai, kunya da haushi suka haɗe mata wuri guda.

Shekarar ce da sama ta ƙi. Gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya ƙone a tsaye. Mutanen ƙauye suka cika Damagaram, a bakin tasha, a gindin duwatsun Birni, kowa da ƙunshinsa. Ruwan sha kansa sai mace ta yi sammako ta ajiye bokiti a layin famfo, ta dawo da azahar ta tarar layin bai motsa ba.

Wasila ƴar Malam Nomau ce, manomi a Gidimuni. Karatu ya kawo ta birni wajen gwaggonta Tani a unguwar Zango, har ta gama kolej. Ana cikin haka wani direba ya kawo mata saƙon babanta da baki: rumbu ya ƙare, awaki sun ƙare, da zarar wata ya kama zai zo ya ɗauke ta, su bi ta daji da iyalin gaba ɗaya zuwa kudu wajen ƙaninsa.

A daidai lokacin ne wasu Turawa masu aikin agaji suka zo da furoje, wato shirin haƙa rijiyoyin lambu a bakin tafkin Gidimuni. Faransancinsu na kame-kame ne, sai Ingilishi. Suna neman mace ɗaya da za ta yi musu tafinta tsakaninsu da matan ƙauye, za a yi konkur, wato jarrabawar gasa, wadda ta fi kowa ita za a ɗauka.

Idan Wasila ta ci, tana nan ƙasar Damagaram, mota ɗaya tsakaninta da Suma'ila. Idan ta faɗi, sai ta bi babanta, kuma wanda ya tafi a irin wannan shekara ba a sa masa ranar dawowa.

Ita magana da Ingilishi ba ta gagare ta ba. Inda take zubewa shi ne wurin da za a ba ka dogon rubutu ka karanta, a jero maka tambayoyi a ƙasa, kowace da amsoshi huɗu masu kama da juna.

Da aka tashi ranar, ta tsaya tana naɗe tabarma har sauran suka fita.

"Mushe..."

"Mun tashi daga aji. Suma'ila nake yanzu."

"Suma'ila, ina jin tsoro. Da na ga rubutun nan sai kaina ya ɗau zafi. Kafin in kai ƙarshe na manta farko."

"Don kina shiga ne ba ki san abin da kike nema ba. Idan Gwaggo ta aike ki kasuwar Dole, kina shiga ki zagaye kowace rumfa?"

"Haba, da rana ta faɗi ina can."

"To haka ne. Fara karanta tambayoyin, su ne aiken. Ki riƙe kalmar da kowace take nema, sannan ki shiga rubutun. Layin farko na kowane sashe shi ke gaya miki abin da ake sayarwa a wannan rumfar."

"Idan na ci karo da kalmar da ban sani ba fa?"

"Kada ki tsaya kina gaishe ta. Dubi maƙwabtanta na gaba da na baya, za su gaya miki ko wace ce."

Ta yi dariya, dariyar farko a wannan yini.

"Kai komai a wurinka mai sauƙi ne."

"Ba komai ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tunanin a ce na wayi gari ba kya garin nan, wannan ba shi da sauƙi, Wasilata."

Ta ji gabanta ya faɗi, faɗuwa mai daɗi. Ta jingine tabarmar ta fita da sauri, har ta kusa yin tuntuɓe da dokin ƙofa.

Abin da ba su sani ba, Ramlatu tana laɓe a bayan ƙyauren.

Ramlatu ƴar kawun Suma'ila ce, fara, mai ado, ƴar birni gaba da baya. Ita fa ko leƙa rijiya ba ta taɓa yi ba, balle ta yi sha'awar zaman ƙauye. Ba konkur ya kawo ta zauren nan ba, mai zauren ya kawo ta. Daga nan ko gida ba ta biya ba, sai ɗakin Hajiya Barira, mahaifiyar Suma'ila.

Washegari ana tsakiyar karatu sai ga Hajiya ta yaye labule. Mace ce mai jiki, mai faɗa a ji, jikar fatake, wadda ko a kasuwa ba a taya mata kaya sau biyu.

"Wace ce Wasila?"

Wasila ta durƙusa. "Ni ce, Hajiya. Ina wuni?"

Hajiya ta dube ta tun daga ɗankwali har silifas.

"Au, ke ce? To ki ji da kyau. Zaurena ba wurin farautar miji ba ne. Yunwa ta koro ku, an ji tausayinku ana koya muku karatu, shi ne za ki ɗaga ido ki dubi ɗana?"

"Hajiya!" Suma'ila ya miƙe tsaye. "Don Allah..."

"Rufe mini baki! Kada in ƙara ganin ƙafarta a gidan nan."

Wasila ta tattara takardunta ta fita. Ba ta yi kuka ba sai da ta wuce ganuwa. Daga nan kam har Zango hawaye ne, mutane na kallonta tana tafe.

Gwaggo Tani da ta ji labari ta tafa hannu.

"Yunwa ta koro mu? Mu da muke ciyar da su! Geron da ta ci ta yi wannan jikin daga sama ya faɗo? Bar ni da ita!"

Da ƙyar Wasila ta riƙe ta.

Kashegari da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Suma'ila ne, da takardu a hammata, gumi ya jiƙa masa riga.

"Me ka zo yi?" in ji Wasila daga bakin ƙofa. "So kake a ce har gida na jawo ka?"

"An hana ki zaurenmu ne, ba a hana ni ƙofarku ba. Hajiya uwata ce, ba zan ɗaga mata murya ba. Amma na gaya mata a ɗakinta cewa ke nake so, kuma ban fasa ba."

"Suma'ila, ni ƴar ƙauye ce..."

"Na sani, ai shi ya sa kike musu da Bature a kan shuka. Kawo tabarma, masoyiyata, lokaci na tafiya."

Haka karatu ya koma ƙofar gidan Gwaggo Tani, ita kuma tana zaune daga ciki tana tsince ƙanzo, kunnenta a waje. Ya koya wa Wasila ta fara jefar da amsoshin da ƙaryarsu ta fito fili, ta rage biyu, sannan ta koma rubutun ta nemi shaida. Ya ce ta yi hattara da amsar da ta cika baki, mai cewa kullum ko kowa ko ko kaɗan, don marubuci ba kasafai yake rantsuwa haka ba. Ya ce amsar da ta kwaso kalmomin rubutun tsaf ba lalle ita ce daidai ba, wani lokaci tarko ce. Tambayar da ta ƙi kuma a bar ta a wuce, a dawo mata daga baya.

Jan bik ya fara raguwa. Amma duk ranar da rubutun ya taɓo gona, ko ruwa, ko dabba, sai Wasila ta koma gidan jiya.

"Ka san me?" ta ce masa wata rana. "Idan na zaɓi abin da ya ce alhali na san ba haka ba ne, ji nake kamar na ci amanar Baba."

Ya ajiye jan bik ɗinsa.

"Aikin da kike nema fa shi ke nan, Wasila. Tafinta ba ra'ayinta take faɗa ba. Idan Baturiya ta yi magana, abin da ta ce za ki kai wa mata. Idan matan suka ce ƙarya take, shi ma ki kai mata yadda suka faɗa. Sai kin iya jin mutum tsaf kafin ki iya yi masa musu."

Wannan maganar ta zauna mata.

Ana gobe konkur, da hantsi, sai ga Ramlatu ta yi sallama, ta sha lalle, tana ƙamshin turare. Ta zauna a bakin gado tana wasa da awarwaro.

"Na zo ne in yi miki fatan alheri, ƴar'uwa. Kuma in gaya miki da bakina, kada ki ji a gari. Jiya Hajiya ta aika da goro gidanmu. An tsayar da maganata da Yaya Suma'ila."

Wasila ta ɗago ta dube ta.

"Shi... ya sani?"

"Wa zai ƙi jininsa? Ke dai tausayinki yake ji. Cewa ya yi a bari ki gama jarrabawa tukuna, kada hankalinki ya tashi." Ta miƙe tana gyara mayafi. "Allah ya ba da sa'a."

Da la'asar Suma'ila ya zo ya yi ta sallama. Wasila ta kwanta ta juya fuska bango, ta ce da Gwaggo ta ce ba ta nan.

Da safe ta tafi da kumburarrun idanu, cikinta babu komai sai ruwa. Ɗakin jarrabawar cike da ƴan mata, wasu daga Mirriya, wasu ƴan gari. Kujerar Ramlatu babu kowa.

Aka raba takardu. Ta buɗe, ta ga kan rubutun.

Labarin wani ƙauye ne a wata ƙasa mai nisa, da tafkinsu ya ƙafe.

Ta fara karantawa daga sama, ta manta da komai. Ba ƙauyen Baturen take gani ba, Gidimuni take gani. Rumbun Baba a buɗe. Innarta tana dafa ganye. Akuyarta mai farin goshi da aka sayar. Hawaye ya ɗiga a kan takardar, ya ɓata wata kalma.

To ma mene ne amfanin? Wanda take son ta zauna dominsa an ba shi wata.

Ta ajiye bik.

Sai kuma wani haushi ya taso mata. A'a, wallahi! Ko Suma'ila ya zama na Ramlatu, ita ba za ta bari a ce yunwa ta kore su daga ƙasarsu ba. Ta share ido da bakin mayafi, ta juya takardar, ta fara daga tambayoyi.

Ta riƙe abin da kowace ke nema, ta koma rubutun. Ta ci karo da baƙuwar kalma, ta dubi na kusa da ita, ta gane nufin. Wata tambaya ta ƙi, ta tsallake ta. Har ta iso kan wadda ta ce: a faɗar marubucin, me ya sa samarin ƙauyen suka tafi?

Amsar farko: saboda fari da yunwa.

Hannunta ya tafi can da kansa. Wa zai gaya mata abin da ke fitar da mutum daga gidansu? Bakin bik ya taɓa takarda, sai ta tsaya.

Ina ya faɗi haka?

Ta koma ta bi sashen layi-layi. Marubucin cewa ya yi samarin sun fara tafiya tun tafkin yana cike, lokacin da aka yi sabuwar hanyar mota zuwa birni. Farin daga baya ya zo.

Ta cije leɓe, ta zaɓi hanyar mota. Zuciyarta na cewa ƙarya ne, hannunta na rubuta abin da aka tambaye ta.

Tana fitowa ta ga Suma'ila tsaye a gindin itacen bedi, ya yi zuru-zuru. Ta ɗauke kai za ta wuce, ya sha gabanta.

"Wasila, me na yi miki?"

"Allah ya sanya alheri. Na ji an kai goro."

"Wane goro?"

"Kada ka mai da ni yarinya! Ramlatu ta zo har ɗakinmu. Ta ce an tsayar da maganarku, kai kuma tausayina kake ji."

Ya yi salati, ya dafe kai.

"Kuma kika yarda? Kika shiga jarrabawa da wannan a ranki? Wasila, ni na gaya miki haka da bakina?"

Ta girgiza kai.

"Dube ni. Wallahi ba a kai goro ko'ina ba. Ni ba ni da wata sai ke. Ko kudu kika tafi, da ƙafa zan bi ki."

Kukan da ta danne tun safe ya ƙwace. Ta durƙushe a wurin, shi kuma ya tsaya ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, sai cewa yake, "Yi haƙuri, rabin raina, yi haƙuri..."

Labari ya isa kunnen Hajiya Barira kafin magariba. Ita fa tana iya yafe abubuwa da yawa, amma ba a yi ƙarya da sunanta ba. Ta sa aka kira Ramlatu.

"Ni na aika da goro? Yaushe? Da wane hannun? Ke har kin yi girman da za ki ɗaura aure da bakina ban sani ba?"

Ramlatu ta fara inda-inda.

"Tashi ki ba ni wuri! Waccan da na ci wa mutunci a gaban mutane ko ɗaga ido ba ta yi ta dube ni ba. Ke da kike jinina kin mai da ni maƙaryaciya."

Ba ta ce ta yarda da Wasila ba. Amma daga ranar ta daina tambayar Suma'ila inda za shi da la'asar.

Wata ya kama. Malam Nomau ya sauka a tasha, ya rame har Wasila ba ta gane shi daga nesa ba. Ya zauna a tsakar gidan ƙanwarsa, ya sha ruwa, ya ce gobe da asuba za su kama hanya.

"Baba, a jira sakamako..."

"Ɗiyata, ƙannenki ba za su ci sakamako ba."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta shiga ɗaki ta fara haɗa kayanta.

Da azahar Gwaggo Tani ta kunna rediyo don jin sanarwa, kamar yadda ta saba. Aka yi sanarwar rasuwa, aka yi cigiyar raƙumi. Sai mai sanarwar ya ce masu furojen rijiyoyin Gidimuni suna kiran wadda ta yi nasara a konkur ɗin tafinta, ta zo biro, wato ofishinsu, gobe da safe.

"Wasila Nomau."

Gwaggo ta saki guɗa har kaji suka watse. Wasila ta fito da zane a hannu, ta tsaya kamar an dasa ta.

Malam Nomau ya dubi rediyon, ya dubi ƴarsa.

"Nomau wanne?"

"Kai mana, Yaya! Akwai wani Nomau mai Wasila?"

"Baba," Wasila ta durƙusa a gabansa, "rijiyoyi za a haƙa a bakin tafki, a yi noman rani. Masu haƙa ana ba su hatsi. Ba sai mun tafi ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Tunda take ba ta taɓa ganin hawayen babanta ba sai ranar.

Ba a jima ba aka yi sallama. Hajiya Barira ce da kanta, da ƙullin goro a hannu, Suma'ila na bayanta yana ta faman ɓoye murmushi.

Gwaggo Tani ta riƙe ƙugu. "A'a! Yau birni ne a gidan ƴan gudun yunwa?"

Hajiya ta yi gyaran murya. "Tani, baki ne, ya riga ya yi. Na zo a yafe mini. Ni dama tun ranar na ga yarinyar tana da hankali."

"Tun ranar, ko?"

"To, tun washegari."

Dariya ta ƙwace wa kowa, har Malam Nomau.

An ɗaura aure bayan an haƙa rijiyoyin farko, lokacin da kabeji da albasa suka fara kore a bakin tafki. Babu gero a ƙasar, da jar dawar agaji aka yi tuwon biki. Hajiya ta yi ta mita wai wannan ba abincin mutane ba ne, ta kuma cinye malmala biyu.

Da aka zo tafiya da amarya, Malam Nomau ya kama hannun Suma'ila ya riƙe gam.

"Ɗana, ka bar mini ita ta riƙa zuwa aikinta. Garin nan gaba ɗaya da bakinta muke magana."

"In Allah ya yarda, Baba. Ni ma na nemi a maido ni makarantar kusa."

Wasila tana cikin lulluɓi ta ji. Ta ɗaga bakin mayafin kaɗan ta dube shi.

"Da gaske? Za ka bar Birni?"

"An riga an sa hannu, amaryata."

Ta mai da mayafin da sauri don kada mata su ga amarya tana dariya.